Bessie Coleman: mai gyaran farce da ta koyo tuƙin jirgi a Faransa, ta rasu tana tara kuɗin gina makaranta

A ranar Juma'a 30 ga watan Afrilun 1926, wani tsohon jirgin sama mai kujera biyu ya tashi daga filin Paxon da ke birnin Jacksonville, a jihar Florida ta ƙasar Amurka. William Wills, makaniki ɗan shekara 24, shi ne ke tuƙi a kujerar gaba. A kujerar baya mai jirgin ce zaune, Bessie Coleman, ƴar shekara 34. Ba ta ɗaura ɗamarar kujera ba, domin tana so ta miƙe ta leƙa ƙasa, ta ga filin da za ta dira da laima washegari a gaban ƴan kallo.

Kamar minti goma da tashinsu, suna sama da kimanin mita 900, jirgin ya sunkuyar da kai, ya shiga juyawa, sannan ya kife. Bessie ta faɗo daga ɗaruruwan mitoci, nan take rai ya yi halinsa. Wills ya tafi da jirgin har ƙasa, shi ma bai tsira ba. Da aka bincika tarkacen, sai aka tarar da sifana ta maƙale a cikin ƙarafan da ke sarrafa jirgin.

Wadda ta rasu a ranar ita ce baƙar mace ta farko a duniya da ta mallaki lasisin tuƙa jirgin sama. Shekara biyar kacal ta yi da lasisin a hannunta. A tsawon waɗannan shekaru babu kamfani ko hukumar da ta ɗauke ta aiki. Abincinta da burinta duk sun rataya ne a kan sana'a ɗaya, wato yin ƙundumbala da jirgi a sararin sama domin mutane su biya kuɗin kallo. Kuɗin da take tarawa kuwa na buɗe makarantar koyon tuƙin jirgi ne ga baƙaƙen fata, waɗanda makarantun ƙasarta suka rufe wa ƙofa kamar yadda suka rufe mata.

Daga gonar auduga zuwa shagon aski

An haifi Bessie ranar 26 ga Janairun 1892 a wani ƙaramin gari mai suna Atlanta a jihar Texas. Ita ce ta goma cikin ƴaƴa 13 na George da Susan Coleman. Mahaifinta yana da jinin ƴan asalin nahiyar Amurka, waɗanda Turawa suka taras a ƙasar. Tana da shekara biyu iyalin suka koma Waxahachie, garin manoman auduga da ke kudu da Dallas.

Makarantar da ta shiga ɗaki ɗaya ce, ta yaran baƙaƙen fata zalla, kuma sai ta taka kimanin kilomita shida a ƙasa kafin ta isa. Ta yi fice a lissafi da karatu. Amma duk shekara idan auduga ta nuna, karatu ya tsaya ke nan, babba da yaro kowa ya nufi gona. A 1901 mahaifinta ya tafi Oklahoma neman sauƙin rayuwa, mahaifiyar ta ƙi binsa, ta zauna da yaran tana aikatau.

Da ta kai shekara 18, Bessie ta kwashe ɗan abin da ta tara ta shiga jami'ar baƙaƙen fata da ke Langston a Oklahoma. Zango ɗaya ta yi kuɗin suka ƙare, ta dawo gida ta ci gaba da wankau.

A 1915, tana da shekara 23, ta bi sahun dubban baƙaƙen fatar kudancin Amurka da ke ƙaura zuwa biranen arewa, suna gudun talauci da dokokin wariya da kisan gilla. Ta sauka wajen yayyenta maza a Chicago, ta koyi gyaran farce, ta samu aiki a wani shagon aski mai suna White Sox. A wannan shago ne ta riƙa jin hirar sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya suna ba da labarin jirage. Yayanta John, wanda shi ma ya yi aikin soja a Faransa, yakan tsokane ta da cewa matan Faransa sun fi su, tunda har jirgin sama suke tuƙawa. Shi da wasa yake faɗa, ita kuwa ta ɗauki maganar da gaske.

Ƙofofin da aka rufe, da wadda ta buɗe a Le Crotoy

Makarantun tuƙin jirgi na Amurka sun ƙi karɓarta saboda dalilai biyu: mace ce, kuma baƙa ce. Wanda ya nuna mata mafita shi ne Robert Abbott, mai jaridar Chicago Defender, wadda ke cikin jaridun baƙaƙen fata mafi tasiri a lokacin. Shawararsa ita ce ta tafi Faransa, inda mace ta riga ta karɓi lasisin jirgi tun 1910.

Tafiya Faransa tana buƙatar kuɗi da harshe, Bessie kuwa ba ta da ko ɗaya. Ta shiga ajin koyon Faransanci a makarantar Berlitz ta Chicago, ta kuma kama aikin kula da wani gidan abinci domin ta ƙara abin da take tarawa. Abbott da wani baƙar fata mai banki, Jesse Binga, suka tallafa mata. Ranar 20 ga Nuwamban 1920 ta shiga jirgin ruwa daga New York, tana da shekara 28.

Ta samu gurbi a makarantar ƴan'uwan nan biyu masu ƙera jirage, Gaston da René Caudron, a garin Le Crotoy da ke bakin teku a yankin Somme, arewacin Faransa. Jirgin koyon samfurin Nieuport ne, mai fikafikai biyu sama da ƙasa, an yi shi da katako da yadi da wayoyi. Sanda ɗaya ce a gaban matuƙi yake sarrafa shi da ita, sai wani ƙarfe a ƙarƙashin ƙafafunsa da ke juya wutsiya. Babu rufi a kansa, ƙarar inji da iska ba sa barin ɗalibi ya ji abin da malami ke faɗa. Tana cikin karatun ne wani ɗalibi ɗan'uwanta ya faɗo da jirgi ya mutu a kan idonta. Ta girgiza, amma ba ta bar makarantar ba.

Ranar 15 ga Yunin 1921, bayan kimanin wata bakwai, Ƙungiyar Harkokin Jiragen Sama ta Duniya, wadda aka fi sani da FAI, ta ba ta lasisi. Amelia Earhart, wadda duniya ta fi sanin sunanta a yau, sai bayan kusan shekara biyu ta karɓi irin wannan lasisi. Mako biyu kafin ranar da Bessie ta karɓi nata, gungun fararen fata sun ƙone unguwar Greenwood ta baƙaƙen fata a birnin Tulsa na jihar Oklahoma. Ƙasar da za ta koma da takardarta ke nan.

Ta ƙara ɗaukar darasi na wata biyu wajen wani gwanin matuƙi a kusa da Paris, sannan ta koma Amurka a watan Satumban 1921. Jaridun baƙaƙen fata sun tarbe ta da murna. Aiki kuwa babu.

Sana'ar sayar da tsoro

A wancan lokaci jigilar fasinja da jirgin sama ba ta kafu ba a Amurka. Aikin soja da na kai wasiƙu na maza ne fararen fata. Abin da ya rage wa mai lasisi shi ne wasa da jirgi a gaban jama'a.

Sana'ar ta kusa yin sa'a da jirgin kansa. Ƴan'uwan nan Wright sun fara tashi a watan Disamban 1903, tashin da ya ɗauki daƙiƙa 12. A watan Yulin 1909 Louis Blériot ya tsallaka tekun da ya raba Faransa da Ingila, wata guda bayan haka aka yi babban bikin jirage a Reims wanda ya tara dubban ɗaruruwan mutane. Da farko ganin jirgi ya bar ƙasa kaɗai ya isa mutum ya biya kuɗi. Da ido ya saba, sai ƴan kallo suka buƙaci abin da ya fi haka. A 1913 Bafaranshe Adolphe Pégoud ya yi suna da alkafura da jirgi da kuma tashi a kife. A Amurka Lincoln Beachey ya zama gwanin gwanaye, yana tsere da mota, yana sulalowa daga sama kamar zai daki ƙasa kafin ya ɗago.

Da yawa daga cikinsu ba su tsufa ba. Harriet Quimby, mace ta farko da ta samu lasisi a Amurka, ta faɗo daga jirginta a wani biki kusa da Boston a watan Yulin 1912. Beachey ya mutu a watan Maris na 1915 a San Francisco, lokacin da fikafikan jirginsa suka karye a gaban dubban ƴan kallo.

Bayan yaƙin duniya sana'ar ta canza kama. Gwamnatin Amurka ta zuba jiragen koyon tuƙi da suka rage mata a kasuwar gwanjo, musamman samfurin Curtiss JN-4 da ake yi wa laƙabi da Jenny. Jirgi ne mai inji mai ƙarfin doki 90, gudunsa bai wuce kilomita 120 a awa ba. Wanda gwamnati ta saya a kan dubban daloli ya dawo ana sayar da shi a kan ƴan ɗaruruwa. Charles Lindbergh, wanda daga baya ya tsallaka tekun Atalantika shi kaɗai, a kan dala 500 ya sayi nasa a 1923.

Tsofaffin matuƙan soja suka bazu ƙauyuka da waɗannan jirage. Mutum zai yi shawagi ƙasa-ƙasa a kan gari har kowa ya fito, ya sauka a gonar wani manomi, ya yi wasa, sannan ya riƙa ɗaukar mutane ɗaya bayan ɗaya yana zagayawa da su a kan ƴan daloli. Wasu suna tafiya a kan fiffike jirgi na gudu, wasu suna tsallakawa daga wannan jirgi zuwa wancan. Babu dokar tarayya da ta ce sai an duba lafiyar jirgi, ko sai matuƙi ya nuna takarda. Wanda ya fi ba da tsoro shi ya fi tara jama'a.

Bessie ta ga cewa abin da ta koya a Le Crotoy bai isa wannan kasuwa ba, kuma har yanzu babu mai koya mata a gida. A watan Fabrairun 1922 ta sake komawa Turai. Ta yi wata biyu tana ƙarin horo a Faransa, ta wuce Holan ta gana da shahararren mai ƙera jirage Anthony Fokker, sannan ta je Jamus ta ƙara gogewa. Ta dawo da hotunan majigi na shawagin da ta yi a can, waɗanda daga baya suka zame mata jari.

Sarauniya Bess

Wasanta na farko a Amurka ya gudana ranar 3 ga Satumban 1922 a filin Curtiss da ke Long Island kusa da New York. Jaridar Chicago Defender ce ta ɗauki nauyi, kuma an shirya bikin ne domin karrama tsofaffin sojojin runduna ta 369, rundunar baƙaƙen fata da ta yi yaƙi a Faransa. A ranar ne kuma wani baƙar fata ɗan asalin Trinidad, Hubert Julian, ya yi diro da laima.

Mako shida bayan haka ta yi wasa a filin Checkerboard na Chicago, a gaban mahaifiyarta da ƴan'uwanta da mutanen da a da take gyara wa farce. Ta zana lamba 8 a sararin sama, ta yi alkafura, ta sulalo har kusa da ƙasa sannan ta ɗago. Daga nan laƙabin Sarauniya Bess ya bi ta.

Ta san cewa wasa da jirgi rabinsa talla ne. Tana fitowa da kaya irin na hafsan soja, da doguwar rigar fata da dogayen takalma. Marubuciya Doris Rich, wadda ta wallafa tarihin rayuwarta a 1993, ta nuna cewa Bessie takan ƙara gishiri idan tana hira da ƴan jarida, kuma ta rage shekarunta a takardu. A sana'ar da kowa ke kiran kansa gwanin duniya, wannan ba baƙon abu ba ne.

Amma akwai inda ta ja layi. Wani kamfanin shirya fim ya ba ta babban matsayi a wani fim mai suna Shadow and Sunshine. Ta amince, tana fatan kuɗin zai taimaka wa makarantarta. Da ta gano cewa a fitowar farko za a nuno ta cikin tsumma, da sanda a hannu da ƙunshi a baya, kamar yadda fararen fata suka saba zana baƙin da ya fito daga ƙauye, sai ta fice ta bar musu fim ɗinsu. Ta yi asarar kuɗin, ta kuma ɓata da wasu masu faɗa a ji a harkar nishaɗi waɗanda da za su iya tallafa mata.

Matsalar da ta fi damunta ita ce duk waɗannan wasanni da jirgin aro take yin su. Mai jirgi zai karɓi nasa, mai fili zai karɓi nasa, masu talla su karɓi nasu. Kuma makaranta ba ta yiwuwa ba tare da jirgi ba.

Jirginta na farko

A farkon 1923 ta tafi California, inda ta yi yarjejeniyar talla da wani kamfanin tayoyi. A can ta sayi jirginta na farko, Jenny ragowar soja, domin shi ne abin da aljihunta zai iya.

A watan Fabrairun 1923 ta tashi da shi daga Santa Monica za ta wani wasa a Los Angeles, inda dubban mutane ke jiranta. Jim kaɗan da tashi injin ya ɗauke, jirgin ya faɗo. Ta karye a ƙafa, haƙarƙarinta uku suka karye, jirgin kuma ya tashi daga aiki. Daga gadon asibiti ta aika wa magoya bayanta saƙon cewa da zarar ta iya taka ƙafarta za ta koma sama.

Ta yi kimanin wata uku a asibiti, ta fito ba jirgi ba kuɗi. Kusan shekara biyu ta ɗauka kafin ta koma wasa sosai. A wannan tsakani ta gano wata hanyar samun kuɗi da ba ta da hatsari: tana zagaya majami'u da makarantu da gidajen sinima na baƙaƙen fata, tana nuna majigin shawaginta, tana yin lacca. Saƙonta bai canza ba. Jirgin sama shi ne abin da duniya za ta koma a gaba, kuma idan baƙaƙen fata ba su shiga tun yanzu ba, za a sake barinsu a baya. Tana yawan faɗa cewa sararin sama ne kaɗai wurin da babu wariya. Mata ta fi mayar da hankali a kansu.

Sharaɗin ƙofa ɗaya

A 1925 ta koma jiharta ta haihuwa. Wasanta na farko a Houston ta sa shi ranar 19 ga Yuni, ranar da baƙaƙen fatar Texas ke tunawa da sanar da ƴanta bayi a jihar a 1865. Bayan wasan, mutane da dama suka hau jirgi aka zagaya da su, yawancinsu karonsu na farko ke nan da shiga jirgi.

A kudancin Amurka na wancan lokaci doka ta raba baƙi da fari a makaranta, a jirgin ƙasa, a asibiti, har a wurin shan ruwa. Wuraren kallo ma haka: ko dai a hana baƙaƙe shiga, ko a ba su ƙofar baya. Bessie ta kafa sharaɗin cewa ba za ta yi wasa a inda aka hana mutanenta shiga ba.

A Waxahachie, garin da ta tsinci auduga tana yarinya, masu shirya bikin sun tanadi ƙofa biyu, ɗaya ta farare, ɗaya ta baƙaƙe. Ta ce in dai haka ne ba za ta tashi ba. Suka sauko, kowa ya shiga ta ƙofa ɗaya. A cikin filin an ci gaba da raba wurin zama, wannan kam ba ta iya canza shi ba. Amma a Texas ta 1925, baƙar mace da ba ta da jirgin kanta ta sa fararen fata sun janye sharaɗinsu, saboda ita ce abin da aka zo kallo. Ƙarfin da take da shi ke nan, kuma ta yi amfani da shi ko da zai jawo mata asarar kuɗin da take matuƙar buƙata.

Jirgin Dallas

A farkon 1926 tana Florida tana lacca. A Orlando wani limamin coci, Hezekiah Hill, da matarsa Viola suka sauke ta a gidansu, suka riƙe ta kamar ƴarsu. Ta buɗe shagon gyaran gashi da kwalliya a garin domin ta ƙarasa biyan kuɗin wani jirgi da ta fara biya a Dallas. Wani attajiri farar fata, Edwin Beeman, magajin masu kamfanin cingam, ya cika mata ragowar.

Wannan ma Jenny ne, wanda ya sha jiki kuma bai samu kulawa ba. Wills ne ya tuƙo shi daga Dallas zuwa Jacksonville, inda wata ƙungiyar jin daɗin baƙaƙen fata ta gayyace ta wasa ranar 1 ga Mayu. A hanya sai da ya yi saukar dole har sau uku saboda matsalar inji. Ƴan'uwa da abokan arziki suka roƙe ta kada ta hau. Amma an riga an yi talla, jama'a na jira, kuma wannan ne jirgin da take da shi.

Bayan faɗuwar jirgin, wani daga cikin masu shirya bikin da ya ruga wurin cikin ruɗewa ya kyasta ashana zai kunna taba, man da ya zube ya kama, tarkacen ya ƙone da gawar Wills a ciki.

An yi mata addu'o'i a Jacksonville da Orlando, sannan aka ɗauki gawarta a jirgin ƙasa zuwa Chicago. Kimanin mutum 10,000 ne suka fito yi mata bankwana, kuma fitacciyar ƴar jarida mai yaƙi da kisan gilla, Ida B. Wells, tana cikin waɗanda suka jagoranci taron. An binne ta a maƙabartar Lincoln. Jaridun baƙaƙen fata sun sa labarin a shafin farko, manyan jaridun farare kuwa ba su ba shi muhimmanci ba. Jaridar New York Times sai a 2019 ta wallafa ta'aziyyarta, bayan shekara 93.

Kwana 20 bayan rasuwarta, ranar 20 ga Mayun 1926, shugaban Amurka Calvin Coolidge ya sa hannu a kan dokar farko ta tarayya da ta tanadi ba matuƙa lasisi da tabbatar da lafiyar jirage. Wannan doka da waɗanda suka biyo bayanta su ne suka kawo ƙarshen zamanin yawo ƙauye-ƙauye da akwalar jirgi.

Makarantar da wasu suka gina

Bessie ba ta buɗe makarantarta ba. Waɗanda suka ji laccarta ko suka karanta labarinta ne suka ɗauki aikin.

A 1929 William Powell, injiniya kuma tsohon soja, ya kafa ƙungiya da makarantar tuƙin jirgi a Los Angeles, ya sa mata sunan Bessie Coleman, ya buɗe ta ga maza da mata. A 1931 ƙungiyar ta shirya bikin jirage wanda duk matuƙansa baƙaƙen fata ne. A 1932 babban matuƙin ƙungiyar, James Herman Banning, tare da makanikinsa Thomas Allen, suka ratsa Amurka da jirgi daga Los Angeles zuwa New York, suna roƙon kuɗin mai a garuruwan da suka sauka.

A Chicago, baƙaƙen matuƙa suka fara al'adar shawagi a kan kabarinta suna zuba furanni tun 1931. Ɗaya daga cikin jagororinsu, John Robinson, ya tafi Habasha a 1935 ya jagoranci ƴan jiragen Sarki Haile Selassie lokacin da Italiya ta kawo mamaya. Abokinsa Cornelius Coffey da Willa Brown suka kafa makarantar tuƙin jirgi a Chicago. Willa Brown ce baƙar mace ta farko da ta samu lasisin jirgi a cikin Amurka kanta, a 1938, shekara 17 bayan Bessie ta karɓi nata a Faransa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojan Amurka ya horar da baƙaƙen matuƙa kusan 1,000 a Tuskegee da ke jihar Alabama.

A watan Satumban 1992, Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya, ta tafi da hoton Bessie a cikin kumbon Endeavour. A 1995 gidan wayar Amurka ya fitar da kan sarki mai hotonta, a 2023 kuma aka buga fuskarta a kan kwabon santi 25. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ke filin jirgin sama na O'Hare a Chicago, wanda ke cikin mafi cunkoso a duniya, sunanta yake ɗauke da shi.